Rubutu Ɗaya, Baki Daban-Daban: Wasulan Harshen Welsh da Aikin Malamin Firamare



Muna godiya da aka ba mu wannan dama a zaman ƙara wa juna sani na wannan zango. Batun da muka zo da shi na wata ƙasa ce mai nisa, wato Wales, da yadda mutanenta suke furta wasulan harshensu, kowane yanki da irin nasa bakin. Mai yiwuwa wani ya ce a ransa, me ya haɗa kifi da kaska? Abin da ya haɗa su shi ne aji ɗaya da aji biyu na firamare. Malamin da ke koyar da karatu a Wales yana kwana yana tashi da tambayar da muke kwana muna tashi da ita: yaro ya rubuta abin da kunnensa ya ji a gidansu, littafi kuma ya ce ba haka ake rubutawa ba, to yaya za a yi da shi? Su can sun daɗe suna nazarin wannan tambaya, don haka ya dace mu ji inda suka kwana.

Ƙasar da harshenta

Wales tana yamma da Ingila, kuma ɗaya ce daga cikin ƙasashe huɗu da suka haɗu suka zama Birtaniya. Faɗinta ya ɗan haura murabba'in kilomita 20,000, kusan daidai da jihar Kano, mutanenta kuma miliyan 3 ne da 'yan kai. Harshensu na gado, wanda Turawan Ingila ke kira Welsh, su masu shi suna kiransa Cymraeg, ƙasar kuma Cymru. Ya riga Ingilishi zama a tsibirin, kuma danginsa na kusa su ne harshen Breton da ake yi a arewa maso yammacin Faransa da harshen Cornish. Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna mutum 538,300 ne suke iya magana da shi, wato kashi 17.8 cikin ɗari na masu shekara uku zuwa sama. Gwamnatin Wales ta ɗaura aniyar kai adadin miliyan ɗaya kafin 2050, kuma kowa ya san a kan malaman makaranta nauyin zai faɗa.

Ƙasar ƙarama ce, amma duwatsu sun raba ta. A arewa akwai tsaunukan Eryri, inda dutsen Yr Wyddfa ya kai mita 1,085, tsakiyar ƙasar kuma tuddai ne masu ƙarancin jama'a. Har yau jirgin ƙasan da ke tashi daga Holyhead a arewa zuwa Cardiff, babban birni a kudu, sai ya ratsa ta cikin Ingila. A zamanin da kuma masarautu ne daban-daban, shi ya sa masana na dauri suka kasa karin harshen gida huɗu da sunayen tsofaffin yankunan: na Gwynedd a arewa maso yamma, na Powys a arewa maso gabas da tsakiya, na Dyfed a kudu maso yamma, da na Gwent a kudu maso gabas. Akwai ma wasan da ke tsakaninsu, irin na Kanawa da Zazzagawa: 'yan kudu suna kiran 'yan arewa Gog, daga kalmar gogledd, wato arewa, su kuma suna kiran 'yan kudu Hwntw, wato mutanen can ƙetare.

Wasalin da ya raba arewa da kudu

Mu a boko haruffan wasali biyar muke da su. Su bakwai gare su: a, e, i, o, u, w da y. Huɗun farko ba su yi nisa da namu ba. Harafin w shi ne yake ɗaukar sautin u namu, saboda haka kalmar cwm, wato kwari tsakanin duwatsu, “kum” ake furta ta. Rigimar tana kan u da y.

A arewa, harafin u yana da wani sauti da babu shi a Ingilishi. Bari mu gwada tare. Mu ce “ii” mu ja shi, leɓɓanmu a baje kamar mai murmushi, sannan mu janye harshe baya kaɗan zuwa tsakiyar baki ba tare da mun tara leɓɓa ba. Abin da ya fito, wanda ya tsaya tsakanin i da u namu, shi ne u na mutanen arewacin Wales. A kudu wannan sauti ya ɓace, ya narke cikin i. Harafin y kuwa aiki biyu yake yi. A gaɓar ƙarshe ta kalma yana bin u sau da ƙafa, a arewa ya yi wancan sauti na tsakiyar baki, a kudu ya zama i. A sauran gaɓoɓi kuma yakan zama wani raunanan sauti mai kama da gajeren a namu. Shi ya sa sunan ƙasar, Cymru, yake fita kusa da “Kamri”.

Masana tarihin harshen sun bayyana cewa ƙarnuka da suka wuce i da u da y sautuka uku ne mabambanta, shi ya sa aka ba kowanne harafinsa. Daga baya arewa ta haɗe biyu, kudu ta haɗe duka ukun, rubutu kuma ya tsaya inda yake. Ga abin da haka ya haifar a aji. Akwai kalmomi uku: ti, wato kai ko ke, tu, wato gefe, da tŷ, wato gida. Yaron Caernarfon a arewa yana jin bambancin ta farko da sauran biyun tun yana goye. Yaron Llanelli a kudu kuwa duka ukun “tii” yake ji. Haka mil, wato dubu, da mul, wato alfadari: a bakin ɗan kudu dubu da alfadari abu ɗaya ne, sai jimla ta raba gardama.

Malaman kudu ba su tsaya tilasta wa yara furta sautin da babu shi a garinsu ba. Sun ba haruffan sunaye na siffa: i dot, wato i mai ɗigo, da u bedol, wato u mai kama da ƙarfen da ake kafa wa kofaton doki. Idan malama tana ba da shifta, yaro ya tambaya wanne ne, sai ta ce na kofato. Duk wanda ya yi karatun allo a cikinmu ya san wannan hikima, domin da kunnen Bahaushe ya kasa raba wasu haruffan Larabci, malamanmu na zaure sun raba su da suna, suka ce ha ƙarami da ha babba.

Mu lura da wani abu kuma. Yaron arewa ma bai tsira ba, domin tu da tŷ ɗaya suke a kunnensa, haka Cymru, ƙasar, da Cymry, mutanenta. Kowane yanki yana da wurin da kunne ke taimakon alƙalami da wurin da yake yaudararsa.

Gaɓar ƙarshe

A Welsh nauyin murya galibi yana sauka ne a kan gaɓar kusa da ƙarshe, don haka wasalin gaɓar ƙarshe ya fi saurin sauyawa a bakin jama'a. Ɗafin jam'i da ya fi yawa a harshen shi ne -au: peth, abu, pethau, abubuwa, llyfr, littafi, llyfrau, littattafai. A hirar yau da kullum da wuya a ji wanda ya furta shi yadda aka rubuta. A arewa maso yamma, wato tsibirin Môn da kewayen Caernarfon, petha da llyfra ake cewa. A arewa maso gabas da tsakiya da kudu maso yamma, pethe da llyfre. Idan aka gangara kudu maso gabas, a tsohon karin Gwent, sai a sake tarar da petha.

Abin bai tsaya ga jam'i ba. A yankunan da ke son a, hatta e na ƙarshen kalma a yake komawa. Gaisuwar safe da kowane baƙo ke fara koya, bore da, a Gwynedd “bora da” za a ji. Ke nan taswirar ba gida biyu kawai ta rabu ba. Layin da ya raba masu u na tsakiyar baki da marasa shi ya ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma, na petha da pethe kuwa ya haɗa kusurwa da kusurwa, har ya sa mutumin can ƙuryar arewa da na can ƙuryar kudu suka yi baki ɗaya a wannan wuri, alhali maƙwabtansu sun saɓa musu. Malamin da aka yi wa canjin wurin aiki daga gunduma zuwa gunduma dole ya sake koyon kurakuran da zai tarar a littattafan yara.

Siririn a da tagwayen wasula

A tsakiyar ƙasar, musamman yankin Maldwyn, da kuma kudu maso gabas, dogon a yakan matso gaban baki ya kusanci e. Suna kiransa a fain, wato siririn a. Tad, uba, sai ya fita kusa da “ted” mai dogon wasali, tân, wuta, kuma kusa da “ten”. A kudu maso gabas wannan furuci ya ja baya ƙwarai, tun da haƙar kwal ta jawo dubban baƙi zuwa kwarurukan yankin a ƙarni na 19, Ingilishi ya yi rinjaye. A Maldwyn kuwa har yanzu ana jin sa.

Tagwayen wasula, irin ai da au namu, su ma sun rabu. Ɗan arewa yana furta wasula biyun da ke cikin coed, itatuwa, da llaeth, madara. Ɗan kudu yakan haɗiye na biyun ya ja na farkon, ya ce côd da llâth. A sassan kudu dau, biyu, da haul, rana, sukan zama dou da houl. A arewacin Penfro kuwa, can ƙarshen kudu maso yamma, oes, wato e akwai, wês ake cewa, coed kuma cwêd, har ana yi wa yankin laƙabi da ƙasar wês wês.

Sunan harshen kansa bai kuɓuta ba. A 1989 Beth Thomas da Peter Wynn Thomas sun wallafa littafin gabatar da karin harsunan Welsh, suka sa masa suna Cymraeg, Cymrâg, Cymrêg. Kalma ɗaya ce sau uku: ta farko yadda ake rubutawa kuma ake faɗa a arewa, ta biyu bakin kudu maso yamma, ta uku bakin masu siririn a.

Dogo da gajere

Kamar Hausa, Welsh yana raba ma'ana da tsawon wasali. Bambancinmu da su shi ne suna nuna shi a rubutu a wuraren da za a iya ruɗewa, da wata 'yar alama bisa wasali da yara ke kira to bach, wato ƙaramin rufi. Tan, har zuwa, tân, wuta. Mor, sosai, môr, teku. Glan, gaɓar ruwa, glân, mai tsabta.

To amma ina ne wasali yake tsawo? Nan ma ƙasar ta rabu. A gwallt, gashi, ɗan arewa yana jan wasalin, ɗan kudu yana gajarta shi. A pell, nesa, da gwell, mafi kyau, ɗan kudu ne ke ja, ɗan arewa ya gajarta. A gaɓar kusa da ƙarshe kuma arewa ba ta da dogon wasali sam, alhali da yawa daga mutanen kudu suna da shi. A nan reshe ya juye da mujiya. Tonau, karin waƙoƙi, da tonnau, raƙuman ruwa, sun bambanta a kunnen yaran kudu da yawa, don haka kunnensu na gaya musu inda za su ninka n. Yaron arewa, wanda ya yi musu fintinkau a kan i da u, sai ya haddace wannan da ka.

Yadda rubutu ya zama ɗaya

Duk da wannan rarrabuwa, ƙa'idar rubutu ɗaya ce daga Môn har Cardiff. Tushenta fassarar Baibul da William Morgan ya kammala a 1588, wadda ya gina a kan harshen mawaƙan gargajiya, wanda dama ya zarce iyakar kowace gunduma. A shekarun 1730 Griffith Jones ya kafa makarantun tafi-da-gidanka, malami ya zauna a ƙauye wata uku ko makamancin haka ya koyar da karatu ya wuce gaba, kuma da wannan littafi ake koyarwa. Ta haka manomi ya saba da karanta pethau a takarda yana cewa petha ko pethe a gona. A 1928 wani kwamitin masana, wanda John Morris-Jones ya jagoranta, ya fitar da ƙa'idojin rubutun da ake bi har yau da 'yan gyare-gyare.

Harshen ya sha wuya a makaranta. A ƙarni na 19 wasu makarantu suna rataya wa yaron da aka kama yana Welsh wani guntun katako a wuya, wanda ake kira Welsh Not, wanda ya kwana a wuyansa a tashi kuma ya sha bulala. Daga baya al'amura suka juya. An buɗe firamaren farko mai koyarwa da Welsh a Aberystwyth a 1939, malaman ƙasar suka kafa ƙungiyarsu ta UCAC a 1940, wadda ke gudanar da harkokinta da Welsh, sannan hukuma ta buɗe tata makarantar a Llanelli a 1947. Al'ummar da aka taɓa kunyata 'ya'yanta saboda harshensu ba ta da sha'awar sake kunyata su saboda karin garinsu.

Sun kuma gwada wata hanya da ba ta ɓulle ba. A shekarun 1960 an tsara wani daidaitaccen salon magana mai suna Cymraeg Byw, domin masu koyo su sami abu ɗaya da za su riƙe. An yi ta sukarsa da cewa magana ce da babu garin da ake yin ta. Yau darussan koyon Welsh na manya kashi biyu ake buga su, na arewa da na kudu. A tashar talabijin ta S4C, wadda aka buɗe a 1982, wasan kwaikwayon Pobol y Cwm yana tafiya galibi da bakin kudu, Rownd a Rownd da bakin arewa, kowa yana kallon na kowa, kunnuwa suna sabawa. Bayan haka sun adana abin da suke da shi. Gidan tarihi na St Fagans ya fara naɗar muryoyin dattawan ƙauyuka tun shekarun 1950, Alan R. Thomas kuma ya wallafa taswirorin karin harshen ƙasar a 1973.

Akwai sabon nauyi a kan malamansu a yau. A Cardiff da kewayenta yara da yawa a makarantun Welsh daga gidajen da ba a jin harshen suke fitowa. Irin wannan yaro ba shi da kaka da zai kwaikwaya, wasulan malamarsa su ne za su zama nasa.

Abin da ya shafe mu

'Yan'uwa, daidaitacciyar Hausar da muke koyarwa an gina ta galibi a kan Kananci, ajujuwanmu kuwa cike suke da 'ya'yan Sakkwatawa da Katsinawa da Zazzagawa da Guddirawa, da waɗanda Hausa ba ita ce harshen gidansu ba. Yaron da ya rubuta buki maimakon biki ya rubuta abin da ake faɗa ne a inda ya tashi. Wanda ya rubuta karan Audu yana nufin karen Audu ya ji daidai, domin a bakin yawancinmu e yakan koma kusa da a idan baƙi ya rufe gaɓar. Gari na zama da gari na tuwo, dafa abinci da dafa kafaɗa, tsawon wasali ne ya raba su, mu kuwa ba mu da ƙaramin rufin da za mu ɗora.

Darasin farko da za mu ɗauka shi ne mu raba kuskure gida biyu kafin jan biro ya sauka. Akwai na ganganci da gaggawa, akwai kuma wanda kunne ya haifar. Na biyun yana da tsari, yakan maimaita kansa a wuri ɗaya, kuma yara 'yan gari ɗaya sukan yi shi tare. Shaida ce cewa yaron ya gane dangantakar sauti da harafi, wanda shi ne ginshiƙin karatu. Abin da ya rage masa shi ne sanin inda rubutu ya rabu da baki.

Na biyu shi ne lafazin gyara. Akwai tazara mai yawa tsakanin a ce wa yaro “ba ka iya Hausa ba” da a ce masa “haka ake faɗa a gida, ga kuma yadda ake rubutawa”. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Yaron da aka yi wa dariya a kan bakin uwarsa yakan ɗinke baki a aji, wanda ya ɗinke baki kuwa karatunsa a bayyane ya tsaya.

Na uku, kalmomin da kunne ba ya raba su mu koyar da su cikin jimla, bibbiyu, a allo da cikin shifta, yadda malaman Llanelli ke yi da ti da tŷ. Idan harafi yana buƙatar laƙabi domin ya zauna a kan yaro, mu ba shi.

Na huɗu shawara ce ga reshe. Kowace makaranta ta ware littafi ɗaya a ofishin hedimasta, malaman Hausa su riƙa rubuta kurakuran da ke maimaituwa da garuruwan da yaran suka fito. Idan aka haɗa waɗannan littattafai bayan shekara ɗaya, za mu sami taswirar bakin ƙaramar hukumarmu, wadda sabon malami zai duba tun ranar da ya kama aiki, ya san abin da zai tarar a aji ɗaya. Ba ya buƙatar kuɗi, sai littafi da biro da himma.

Mutanen Wales sun riƙe rubutu ɗaya fiye da shekara 400 ba tare da sun hana ɗan Gwynedd cewa petha ko ɗan Penfro cewa wês ba, kuma malaman firamare suna cikin waɗanda suka ɗauki wannan aiki a kafaɗarsu. Muna roƙon shugabannin reshe su sa batun littafin nan cikin ajandar zama mai zuwa, mu kuma a shirye muke mu kawo samfurin shafinsa.

Allah Ya albarkaci yaranmu, Ya sa albarka a allinmu, Ya ba mu haƙurin wannan aiki.